Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Barnon Da Take Shirya Doki Da Mahayinsa



Duk shekara idan Sallah ta ƙarato, mukan ga samarinmu na Hausari da Gwange da sauran unguwannin Maiduguri suna fafutukar neman dokin aro ko na haya. Da yawansu ranar hawan ce ranar farko da za su sa ƙafa a likkafa, shi ya sa ba a rasa wanda doki ya kayar, ko dokin da aka mayar wa mai shi da miki a baya. Wasu kuwa sun fara neman mai koya musu tun da sauran lokaci. Saboda su ne muka ga ya dace mu waiwayi yadda magabatan ƙasar nan suka ɗauki sha'anin doki.

A farkon ƙarni na 16, matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta cewa Sarkin Barno yakan sayi dawaki daga fataken Arewacin Afirka, doki ɗaya a kan bayi 15 ko 20. Mummunan ciniki ne, amma ya nuna mana tsadar doki a wancan zamani. Dabbar da aka tsallako Sahara da ita a kan wannan farashi ba a miƙa linzaminta ga wanda bai iya ba. A ƙarshen ƙarnin, Mai Idris Alooma ya yi yaƙe-yaƙensa daga Birnin Gazargamu da barade da 'yan bindiga, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. Dokin da zai tsaya kusa da bindiga ana harbawa bai zabura ba, sai an daɗe ana saba masa da ƙararta.

A watan Fabrairun 1823, Denham da Clapperton, Turawan Birtaniya, suka iso Kukawa wurin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi. Denham ya ba da labarin baraden da suka tarye su: sukan sako dawaki a guje, sai sun zo dab da baƙin su ja linzami su tsaya cak, wasunsu sanye da sulke tun daga wuya har gwiwa. Wannan ita ce jahin da muke kallo har gobe a ƙofar fada. Mai kallo yana ganin sukuwar da tsayawar ne kawai. Ba ya ganin watannin da aka yi ana kilisa safe da yamma, ana saba wa doki nauyin lifidi da amon ganga da algaita, ana koya wa yaro zama a sirdi.

Makarantar wannan ilimi barga ce. Yaro yakan fara da sharar turke, da yankan ciyawa, da kai doki shan ruwa. Daga nan ya riƙe ragama, ya koyi ɗaura sirdi, kafin a yarda ya hau. Kafin ranar hawansa ta farko ya san halin dokin, dokin ma ya san muryarsa.

Bayan an kashe Rabeh a 1900, Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa Yerwa a 1907. Yaƙi a kan doki ya ƙare, amma hawa ya ci gaba. Mahayan Barno sun je Kaduna hawan daba na Sarauniyar Ingila a 1956, sun kuma koma na FESTAC a 1977. Sai rikicin Boko Haram ya zo. Aka yi shekaru ba hawan Sallah a garin nan, a 2015 kuma sojoji suka hana hawa doki a jihar Barno saboda maharan sun koma kai hari a kan dawaki. Alhamdu lillahi hawa ya dawo. Sai dai yaran da suka tashi a waɗancan shekaru ba su yi zaman barga ba, dattawan da suka san aikin kuma suna ta raguwa.

Don haka duk wanda zai fara koyo, ga abin da masu barga suka gada. A fara da dokin. Sabon mahayi ba ya hawa dukushi ko ingarma mai zafi, a nema masa wanda ya manyanta ya natsu. A duba kofato, a shafa bayansa a ji ko akwai kumburi ko miki, a duba baki inda linzami ke zama. Idan akwai shakka, Jami'ar Maiduguri tana da asibitin dabbobi. Kada a cika shi da gero ko dusa sannan a hau nan take. A shimfiɗa kuhu sosai, a ɗaure majanyi sannu a hankali, a sake dubawa bayan ya ɗan taka. A watannin bazara da zafi kan haura digiri 40, a yi horo da sassafe ko bayan la'asar, a kuma tanadi ruwa.

Shi kuma mahayi ya riƙa zuwa barga kwanaki kafin ranar, ya share, ya ba da harawa, ya ja dokin da ƙafa. A daidaita masa likkafa da tsawon ƙafarsa. Ya ajiye ƙaimi da bulala tukuna. Linzaminmu na gargajiya yana da kaifi, fizga ɗaya ta isa ta fasa bakin doki, ko ta sa ya yi tsaye da mutum. Ranar farko tafiya ce da juyawa da tsayawa, wani yana riƙe da ragama. Sukuwa tana gaba.

Muna roƙon dattawanmu masu dawaki su buɗe wa yara bargarsu, iyaye kuma su tura su tun Sallah da nisa. Wanda ya san wani tsohon mai kula da doki a unguwarsu, ya kai masa ziyara tun yana da rai.

Allah ya ƙara wa Barno zaman lafiya, ya sa a hau lafiya a sauka lafiya. Amin.