Sikizofireniya: Me Ke Haddasa Wannan Taɓin Hankali?

Mai karatu, wataƙila a garinku akwai saurayin da ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, yana zargin mutane da nufinsa da sharri. A ƙasar Adar akan ce iskoki ne ko sammu. Likitoci kuwa suna kiran irin wannan ciwo sikizofireniya. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma yakan bayyana tsakanin balaga da shekara 30. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300.

Gado. Idan uba ko uwa na da ciwon, kusan ɗa 1 cikin 10 kan kamu. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan Hasan ya kamu, sau da yawa Husaini yakan tsira. Ashe gado shi kaɗai bai isa ba.

Sinadaran ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙonninta ta hanyar sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne dofamin. Idan aikinsa ya yi yawa a wani sashe, sai mutum ya ji ko ya gaskata abin da babu shi. A 1952 likitocin birnin Paris suka fara ba masu taɓin hankali maganin kulorfuromazin, wanda daga baya aka gane yana rage ƙarfin dofamin.

Wahalar ciki da haihuwa. A ƙasar Holand an yi yunwa a 1944 zuwa 1945. Yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar, da suka girma, ciwon ya kusa ninkawa a cikinsu. An ga haka a ƙasar Sin bayan yunwar 1959 zuwa 1961. Wannan darasi ne ga Madawa, Buza da Keita, inda ƙarancin cimaka na 2005 ya yi tsanani. Doguwar naƙuda da ke hana jariri iska ita ma tana ƙara haɗarin.

Wiwi. Shan wiwi tun ƙuruciya yana iya tada ciwon ga mai gadonsa.

To, me ya rage gare ka? Ka ciyar da mai ciki da kyau, ka bar ta ta je awo, ta haihu a likita. Idan ɗan'uwanka ya kamu, kada ka ɗaure shi da mari, kada ka ɓoye shi don kunya. Ka kai shi asibitin gunduma tun da wuri, domin magani yana kwantar da ciwon idan ana shan sa ba fashi.