Awo Kafin Saiti: Tarihin Neman Bindiga Mai Samun Bara, 1849 zuwa 1975

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin yadda maƙera da maharba na Turai da Amurka suka mai da harbin bindiga aikin awo, alhali a da sa'a ce ke da rinjaye a cikinsa. Abin da za mu nuna shi ne, bindiga ba ta samun bara sai in kowane harbi ya fita daidai da wanda ya gabace shi.

Gyaran bututu da harsashi

Har zuwa farkon ƙarni na 19, yawancin bindigogin sojan Turai irin na maharbanmu ne, watau ana ɗura musu albarushi ta baki, cikin bututunsu kuwa sumul yake. Dunƙulen dalma yakan yi lilo a ciki, ya fita ta inda ya ga dama. An daɗe da sanin cewa in aka yi wa cikin bututu tsaga mai murɗewa, harsashi zai fita yana juyawa kamar katantanwa, ya tafi sak. Sai dai cusa matsattsen harsashi ta baki yana cin lokaci, soja kuwa ba shi da lokaci a fagen fama. A 1849 wani hafsan Faransa, Claude Minié, ya fito da harsashi mai rami a gindi, wanda ke shiga cikin sauƙi, in albarushi ya tashi sai ya buɗe ya kama tsagar. A kan irin wannan dabara Ingila ta ƙera bindigar Enfield ta 1853.

A 1854 gwamnatin Ingila ta nemi taimakon Joseph Whitworth, injiniyan Manchester wanda ya shahara wajen awo. Ya gina rufaffen zauren gwaji mai tsawon yadi 500 don kada iska ta ɓata masa lissafi, daga nan ya ƙera bututu mai kusurwa shida. A gwajin da aka yi a Hythe a 1857 bindigarsa ta yi wa Enfield fintinkau. Duk da haka hukumar soja ba ta karɓe ta ba, saboda tsada da saurin tara dattin albarushi.

Madubin hangen nesa

A 1855 William Malcolm ya fara ƙera madubin hangen nesa na bindiga a Syracuse ta Amurka, kuma an yi amfani da irin waɗannan madubai a yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865. Madubi yana jawo abin bara kusa da ido, amma ba ya hana harsashi sunkuyawa ƙasa yayin da yake tafiya. Don haka tilas a daidaita shi har tsakiyarsa ta haɗu da inda harsashi ke sauka a wata tazara sananniya. Ma'aunin da aka saba da shi ana ce masa mintin kusurwa, wanda ya kai kimanin inci ɗaya a yadi 100. To, in harsasai ba su sauka wuri ɗaya ba, da wanne za a daidaita madubin?

Ɗura kwanso da hannu

Wannan tambaya ce ta mai da hankalin masana ga harsashin kansa. Da aka samu kwanson tagulla, sai maharbi ya iya sake ɗura shi bayan harbi, kuma tun daga 1884 kamfanin Ideal na John Barlow ya riƙa sayar da kayan wannan aiki a Amurka. A wannan shekara ce Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Ƙarfinsa ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, kuskure kaɗan na iya fasa bindiga a hannun mai ita. Saboda haka awon ƙiyasi ya kau, sikeli ya maye gurbinsa, ana auno da giren, wanda 7,000 ɗinsa ke yin laba ɗaya.

A 1909 wani likita, Franklin Mann, ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya shekara da shekaru yana yi, inda ya nuna cewa harsashin da gindinsa ya karkace ko nauyinsa ya rinjaya gefe ɗaya ba ya tafiya sak. Magadansa su ne masu gasar harbin kan tebur, waɗanda suka taru a Johnstown ta Jihar New York a 1947. Sukan ɗora bindiga a kan matashin yashi don a rage rawar hannun mutum, sannan a auna yadda ramukan harbi suka kusanci juna. Harsashin .222 Remington na 1950 ya mamaye wannan gasa, har 6mm PPC, wanda Louis Palmisano da Ferris Pindell suka fito da shi a 1975, ya karɓe masa kambi.

Kammalawa

Daga Whitworth zuwa masu harbin kan tebur, hanyar da aka bi ɗaya ce: a canja abu guda, a yi harbi, a auna, a rubuta. Bututu da harsashi da albarushi su aka fara daidaitawa, sannan madubi ya yi amfani. Wannan shi ya sa tarihin bindiga mai saiti ya cancanci a karanta shi tare da tarihin awo da ƙira a masana'antu.