Jirgin Ruwa da Ayarin Fatake a Ƙasar Adamawa: Daga Garwa Zuwa Tibati

Idan aka yi maganar fatauci a tarihin Hausawa, abin da yake fara zuwa a zuciya shi ne jaki da takarkari da 'yan alaro. Bahaushe mutumin tudu ne. Amma a ƙarni na 19 fataken da suka nausa kudu maso gabas neman hauren giwa da bayi sun iske babban kogi a gabansu, wato Binuwai, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400 daga tsaunukan Ngaundere zuwa Lakwaja. A bakin wannan kogi ne hanyar ayari ta haɗu da hanyar jirgin Bature.

Garin Tibati, wanda Ardo Haman Sambo ya kafa daularsa a ciki, yana daga cikin manyan kasuwannin haure na wancan zamani, kuma sarakunansa sun sha yi wa Yola tsaurin kai. Sai dai kogin Jerem da ke kusa da shi kudu ya nufa, ya faɗa Sanaga, bai haɗu da Binuwai ba. Ke nan duk hauren da ya bar Tibati zuwa arewa a kan mutum ko bayan dabba yake tafiya, kwanaki masu yawa, kafin ya ga ruwan da jirgi zai iya bi. Wannan hanya kuwa tana hannun madugai, su suka san zango, suka san fito da kuɗin fito, suka kuma san gaisuwar da ta dace da kowane sarki.

Turawa ta ruwa suka zo. A watan Yunin 1851 Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya haye Binuwai a kwalekwale daidai inda Faro yake shiga cikinsa. Labarinsa ne ya sa Ingila ta aiko da jirgin Pleiad a 1854 a ƙarƙashin Dokta Baikie. An ba mutanen jirgin kwini kullum, aka dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe, ko da yake ba su kai Yola ba. Sai a 1879 jirgin mishan mai suna Henry Venn ya haura har yankin Garwa. A cikinsa akwai wani matashi ɗan kasuwa Bajamushe, Eduard Robert Flegel.

Flegel ya gane abin da jirgi ba ya iya yi. Inda ruwa ya ƙare, nan sanin Bature ya ƙare. Don haka da ya komo, sai ya jingina da madugai biyu Hausawa, Madugu Mai Gashin Baki da Madugu Ɗan Tambari. Da jagorancin irin waɗannan mutane ya kai Ngaundere a 1882, ya ga mafarin Binuwai. A littattafan Turawa shi ne ya “gano” wurin, alhali hanyar tsohuwar hanyar cin abincin waɗanda suka kai shi ce.

A 1884 al'amarin ya juya. Flegel ya ɗauki madugan nan biyu zuwa Jamus. Dattawan da suka ƙare rayuwarsu suna gaban ayari, suna ba da umarnin ɗauri da sauka, sai ga su baƙi a cikin jirgin teku, makonni ba tudu ba zango, wani ne yake riƙe da akala. Sun isa Barlin a shekarar da aka buɗe taron da ya tsara rabon Afirka, taron da ya tabbatar da 'yancin zirga-zirgar jirage a kogin Kwara da rassansa. A 1885 Flegel ya buga ɗan littafi da Jamusanci a kan tafiyar tasu, kuma ta hanyarsa ne tarihin rayuwar Mai Gashin Baki ya tsira. Shi kansa bai daɗe ba, ya rasu a Brass a 1886. Jamusawan da suka biyo bayansa da bindiga suka zo: suka ci Tibati a 1899, Garwa a 1901.

Faransawa ma sun gwada sa'arsu. A 1903 Kyaftin Lenfant ya bi Binuwai ya shiga Mayo Kebbi da nufin kaiwa tafkin Chadi ta ruwa zalla. Ya kai, amma sai da aka kwance jirgin aka ɗauke shi a ka don a kewaye gangaren ruwan da ake kira Gauthiot.

Tashar jiragen Garwa ta yi aiki sosai a zamanin mulkin mallaka, ana fitar da auduga da gyaɗa, ana shigo da gishiri da siminti da man fetur. Amma 'yan watannin tsakiyar damina kawai kogin yake ɗaukar manyan jirage, sauran shekara rairayi ne. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirga, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, sannan madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta tare ambaliyar da jiragen suke jira. Tibati kuwa, garin da jirgi bai taɓa kaiwa ba, ya samu tafki bayan gina madatsar Mbakau a 1969, masunta daga wurare da dama suka sauka a bakinsa, kifi ya shiga sahun manyan hajojin kasuwarsa.