Tarihin Ƙoƙarin Kai Ilmin Kimiyya ga Talaka Cikin Harshen Hausa

Sau da yawa akan ji ana cewa wai harshen Hausa ba zai iya ɗaukar nauyin ilmin kimiyya ba. Manufar wannan maƙala ita ce a waiwayi tarihi, a ga ko wannan magana tana da tushe.

Tun kafin zuwan Turawa, malaman ƙasar Hausa suna nazarin hisabi da ilmin taurari. Sun san manzilolin wata 28, kuma da su suke lissafin shigowar bazara da damina da kaka. Sai dai littattafan wannan fanni da Larabci suke, saboda haka manomi ba ya samun komai daga ciki sai ta bakin malami. Shi kuwa yana da nasa sunayen, kamar su Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta.

Da ilmin boko ya kafu, sai aka buɗe Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya a 1933, a ƙarƙashin Dokta R. M. East. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam yana editanta, sa'an nan a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. Waɗannan mutum biyu su ne suka haɗa kai suka wallafa littafin Ikon Allah, wanda ya fito a 1949, yana bayanin halittu iri-iri na sama da na ƙasa.

Abin lura a nan shi ne sunan littafin. A wancan zamani iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da boko, don suna tsoron kada ya raba 'ya'yansu da addini. Marubutan sun gane haka, shi ya sa suka gabatar da nazarin halitta a matsayin duban ikon Mahalicci. Watau sun shiga gidan ta ƙofar da mai gida ya sani, kuma suka yi masa magana da Hausar da yake ji a zaure da kasuwa.

Bayan wannan, Hukumar NORLA ta yi aiki daga 1953 zuwa 1959, tana buga ƙananan littattafai domin masu Yaƙi da Jahilci. A 1955 kuma aka kafa Hukumar Harshen Hausa, wadda daidaita kalmomi yana cikin ayyukanta. Daɗin daɗawa, a 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya bi ta hanyar ƙagaggen labari ya kai yara sararin samaniya.

Idan muka duba kalmomin da suka zauna daram a bakin jama'a, za mu ga iri biyu ne. Akwai na aro, kamar kimiyya da maganaɗisu daga Larabci. Akwai kuma waɗanda aka ƙera daga cikin gida, kamar ƙwayoyin cuta da tauraron ɗan'adam. Abin da ya zaunar da su shi ne yawan jin su a rediyo da karanta su a jarida, domin kalmar da aka ƙirƙira a ɗakin taro aka rufe cikin ƙamus ba ta kai wa talaka.

Ashe ke nan tarihi bai goyi bayan masu waccan magana ba. Harshen ya ɗauki nauyin a 1949, lokacin da masu digirin kimiyya a Arewa ba su taka kara sun karya ba. Yanzu ga su nan birjik a jami'o'inmu, amma galibin abin da suke rubutawa da Turanci ne. Uwar da ba ta san yadda allurar rigakafi take aiki a jikin ɗanta ba, jita-jita ce za ta cike mata gurbin bayani. Saboda haka ya kamata masanin kimiyya da masanin harshe su zauna tabarma ɗaya, kamar yadda East da Imam suka zauna, su rubuta wa wannan uwa abin da za ta fahimta.