Binciken Aure da Taɓin Hankali a Kudancin Kano

A ƙasarmu ta Ƙiru da Bebeji, tun zamanin kakanni ba a karɓar kayan gaisuwar iyaye sai an yi bincike. Akan tashi dattijo ya je garin saurayi ranar kasuwa, ya zauna a rumfar wanzami ko ta mahauci, ya bugi cikin mutane da hira. Abu uku yake son ji: asali, kuturta, da hauka. In aka ce kakan yaro ya taɓa kwana a turu, zance ya mutu, ko da yarinya za ta yi kukan jini.

Ban ga laifin mutanen da ba, domin abin da ke hannunsu kaɗan ne. Wanda ya fara magana shi kaɗai, sai a ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa. A kai shi wurin 'yan bori a yi girka, ko wurin malam a yi rubutu da hayaƙi. In ya fara duka, maƙeri ya sa masa mari. Dokar Turawa ta 1916 kan masu taɓin hankali, da ta 1958 da ta gaje ta, su ma tsarewa suka sani.

Amma malamanmu na zaure sun riga al'ada tausayi. A fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a Risala da Mukhtasar, hauka na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin raba aure, muddin ba su san da shi ba kafin ɗaurawa. Wanda ya sani ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. Kuma in ana sa ran waraka, alƙali kan ba da shekara guda a nemi magani. Ke nan shari'a ba ta haramta auren mai wannan lalura ba, ɓoyewa ta hana.

Da yawa daga abin da kakanni suka kira bugun iska, likitoci na kiransa sikizofireniya. Mutum yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, yana zargin an sa masa guba a tuwo, yana janye jiki daga majalisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300, kuma yakan tashi ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da wani abu, daidai lokacin da ake zuwa zance. Maganinsa na farko ya fito a Faransa a 1952. A 1954 Dakta Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa mara lafiya kan samu sauƙi yana zaune cikin jama'a tare da danginsa.

Na ga wannan da idona a Tudun Wada. Wani tela ya nemi 'yar yayata. Kafin mu tura kowa, kawunsa ya zo da kansa, ya zaro katin asibiti daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ya ce: “Malam, yaron nan yana karɓar allura duk wata a asibitin Dawanau. Gara ku ji daga bakina.” Yayata ta kira yarinyar ta ce: “Kin ji dai. Ba dole.” Ta ce: “Inna, na sani, shi ya fara gaya mini.” An ɗaura. Yau ita ke riƙe da ranar allura, ta kuma san alamun tashin ciwon: in barci ya ƙaurace masa, in ya bar keken ɗinki a rufe, in ya fara leƙa taga.

Ba zan ce abu ne mai sauƙi ba. Maganin kan kawo nauyin jiki da rawar hannu, shi ya sa wasu ke dainawa ciwo ya dawo. Mutumin Riruwai ko Doguwa sai ya keta dajin Falgore, ya biyo Kwanar Ɗangora, ya ratsa birni kafin ya ga likita. Ga kuma tsohuwar maganar nan mai cutarwa, wai “a yi masa aure zai warke”. Aure ba ya maye gurbin magani, kuma 'yar mutane da aka aurar a rufe an zalunce ta.

A 2019 hukumomi sun fasa gidajen mari a Kaduna, Katsina da Kano, a 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Saura mu. Iyaye da waliyyai, kada a bar bincike, amma a gyara tambayar: yana shan magani, wa ke raka shi asibiti, yarinya ta sani ta yarda? Dangin mara lafiya kuma su faɗi gaskiya tun kafin a sa rana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya haɗa su da abokan zama masu haƙuri.