Farin Ruwa, Baƙin Ruwa da Ranar Kainji

Kakana masunci ne a Yawuri, kuma da ruwa yake lissafin shekara. Daga watan Agusta, in damina ta sauka sosai, kogin Kwara yakan cika da ruwa mai laka, shi suke kira farin ruwa. Sai wajen Disamba, ana tsakiyar hunturu, ba ko ɗigon sama, kogin ya sake tasowa da ruwa garai. Wannan shi ne baƙin ruwa, ruwan da ya zuba a tsaunukan Gini watanni da suka wuce, ya yi ta jan jiki cikin fadamun Mali kafin ya iso mana.

Wannan cika biyu a shekara na cikin abin da ya ja hankalin gwamnati zuwa tsibirin Kainji. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashin madatsar ruwa a can a 1964, aka gama ginin a 1968, lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa. An yi wa injuna 12 gurbi, amma 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760.

Ba a kyauta aka samu wutar ba. Mutum fiye da 40,000 aka tasa. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya halaka a 1806, ta nutse, aka gina wa mutanenta Sabuwar Busa. Gungawa, waɗanda ke noman albasa a tsibirai suna ban-ruwa da ƙwarya, suka bar gungunansu suka hau tudu. Na tuna ran da Kaka ya tsai da jirgi a tsakiyar tafki, ya nuna ƙasa da filafili ya ce, "Jikana, a nan ƙarƙashinmu akwai kasuwa da makabarta." Bai ƙara cewa komai ba har muka fita gaɓa.

Daga baya aka gina madatsar Jabba a 1985, ta Shiroro a 1990. Tun shekarun 1970 wutar Kainji take bi ta Birnin Kabi har Yamai. Amma kogi ba ya alkawari. A 1985, bayan fari mai tsanani, Kwara ya daina gudu a Yamai. Ko a shekarar albarka, da zarar baƙin ruwa ya wuce sai tafkin ya yi ta janyewa, daidai bazara, lokacin da yaro ba ya barci saboda zafi, mai ƙanƙara ba ya samun ciniki, tela yana zaune yana jiran a kawo wuta.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a waɗannan watannin ne rana ta fi kowane lokaci ƙarfi a ƙasarmu. Madatsa rumbu ce, ruwan cikinta hatsi. Idan farantan sola suka ɗauki nauyin yini, sai a rage buɗe ƙofofin ruwa, a adana shi har magariba, sannan a saki injuna lokacin da kowane gida ya kunna fitila. Ba sai an sayi tulin batura ba, wayoyin ɗaukar wutar ma ga su a kafe tun zamanin Kaka.

Gana ta riga ta gwada. A madatsar Bui, mai megawat 400, wadda aka buɗe a 2013, an soma kafa farantan sola a 2020 har suka kai megawat 50, aka kuma shimfiɗa wasu masu megawat 5 a kan ruwan tafkin, suna yawo bisa abin da ke ɗauke da su. Ruwan yana sanyaya farantan, su kuma suna rage tururin da rana ke ɗebewa.

Tafkin Kainji ya fi murabba'in kilomita 1,000. Ɗan lungu guda, nesa da inda masunta ke jefa koma, ya isa a fara. Roƙona ɗaya ne ga duk wanda zai yi aikin: wayar farko ta nufi ƙauyukan Gungawa da ke bakin tafkin, inda da dama har yau da fitilar batir ake cin tuwon dare.