Daga Dakar zuwa Damagaram: yadda jami'a ta matso kusa da mu

Tarihin karatun boko a Nijar ba ya cika sai an ambaci Dakar, birnin da ke bakin Tekun Atlantika, shi ya sa nake nuna wa ɗalibaina na Bune shi a taswira. A 1902 Faransawa suka mai da shi hedikwatar mulkinsu na Afirka ta Yamma. Ɗan Nijar mai son zurfafa karatu a wancan zamani, can yake dosa. Bubu Hama da Diori Hamani duk sun yi makarantar horon malamai ta William Ponty a tsibirin Gore, daf da Dakar, ba Gure tamu ba. A 1957 aka kafa Jami'ar Dakar, wadda ta ɗauki sunan Cheikh Anta Diop a 1987.

Mu kuwa sai a 1971 aka buɗe cibiyar da ta zama Jami'ar Yamai, ta Damagaram kuma ta biyo baya a 2010.

Iyaye da malamai, abin da magabata suka yi tafiyar dubban kilomita suna nema, yau yana cikin jiharmu. Yaron da muka cire daga aji don kiwo, da yarinyar da muka ɗora wa talla, ba nisa ne ya hana su karatu ba.